Bututai a Lakar Kalmok

Kalmok, Afrilu 1991

Zuwa ga ƙanena Manbok,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kana kuma cin abinci irin na mutane, ba taliyar leda kullum ba. Mu nan lafiya lau. Inna ta sha tari duk tsawon sanyin nan, amma tun da rana ta fara ɗumi ya sake ta. Yanzu har tana fita ta zauna a gindin katanga tana gyara wa masu wucewa tafiyarsu. Ta ce in tambaye ka, a Libiya babu mata ne, ko su ma sun gan ka sun gudu?

Wasiƙarka ta iso, in dai za a kira wannan wasiƙa. Ban gama gyara zama ba na kai ƙarshenta.

Cilge, 'yan ƙaguwar laka, sun fito. Shekaranjiya da ruwan teku ya janye na sauka, na tarar laka ta cika da ramuka kamar an bi ta da tsinke. Ka san halin 'yan ƙaguwar nan: duk sanyi suna can ƙasa ba motsi, sai rana ta gasa bayan laka sannan ka ga idanu biyu sun leƙo a kan dogayen sandunansu, kamar an kafa ashana. In sun tabbata babu kowa sai su fito su hau kankarar saman laka suna kaiwa baki, mazan kuma suna ɗaga hannuwa suna saukewa kamar 'yan makaranta a motsa jikin safe. Ka taka ƙafa ɗaya, filin gaba ɗaya ya haɗiye su.

To nan wahalar take. Akwai wani mai mota daga birnin Mokpo da ya fara zuwa sayensu, wai masu jiragen kamun nakji ke ɗaura su a igiya, tunda shi nakji, naman tekun nan mai hannu takwas, ba abin da yake so a duniya kamar ƙaramar ƙaguwa. Ko nawa ka kawo yana saye. Amma abin da bai wuce babban yatsa ba, sai ka durƙusa ka zura hannu har gwiwar hannu a rami kafin ka taɓa guda, sau da yawa ma ta riga ta bi ta wata ƙofar. Ni da ƙawata Yonsim muna yini a durƙushe, ruwa ya dawo ya kore mu ba mu cika bokiti ba. Gwiwoyina sun gama aiki. Da safe sai na dafa bango nake miƙewa. Ba don ka yi wani abu na gaya maka ba, don dai ba ni da wanda zan gaya wa ne. Inna in na ce mata gwiwa, sai ta ce ita da cikinka ta yi wannan aikin har safiyar da ta haife ka.

Mijin Yonsim har yanzu yana kwance, huhun ne dai. Ita kaɗai ke ɗauke da gidan.

Na daka maka ƙaguwa da gishiri da barkono yadda kake so, sai da na gama na tuna ba ta aikuwa. Mun cinye a madadinka.

Yayarka,
Malsun

*

Sansanin aiki, Libiya, Yuni 1991

Yaya,

Na sami wasiƙarki. Ina lafiya. Ki gaida Inna, ki ce mata nan inda muke sai an yi tafiyar yini a mota kafin a ga ko akuya, balle mace. Zafin nan ba irin namu ba ne, ƙarfe in ka taɓa shi ba safar hannu sai ya ɗauke maka fata. Muna binne bututun da mota za ta iya shiga cikinsa, daga safe har yamma, in ka waiga kuma ba ka ganin abin da ka yi, rairayi ya rufe.

Maganar gwiwarki ta tsaya mini a rai. Kin ce kada in yi komai, amma ki saurara. Akwai wanda muke ɗaki ɗaya da shi, shi ma ɗan bakin teku ne, can arewa da mu. Da na karanta masa inda kike zura hannu a rami ya yi ta dariya, ya ce a garinsu an daina wannan wahalar. Ga yadda suke yi. A sami bututun roba irin na ruwa, mai kaurin cinya, a tsaga shi biyu a tsawonsa, a binne a laka bakinsa daidai da ƙasa, ya zama kamar kwata. A ƙarshensa a binne bokiti. Ƙaguwa tana yawon kiwonta sai ta faɗa ciki. Roba santsi gare ta, ba ta hawuwa, sai ta yi ta bin kwatar har ta zube a bokiti. Ke kuma ki zo ki ɗauka a tsaye. Na zana miki a bayan takardar nan. Ki kai wa Tokman ya tsaga miki, yana da zarto, kuma tun da aka ba shi shugabancin masunta ban ji ya yi wani aiki da hannunsa ba.

Ki je asibiti a Mokpo a duba gwiwar. Na san ba za ki je ba.

Da na kai inda kika cinye dakakkiyar ƙaguwa a madadina, tashi na yi na bar ɗakin. Kada ki sake yi mini haka.

Ƙanenki,
Manbok

*

Kalmok, Agusta 1991

Manbok,

Muna gaida ka. Ruwan daminar bana ya yi yawa, rufin kicin yana yoyo, amma ba wanda ya kwanta ciwo. Inna tana nan da bakinta.

Na yi abin da ka ce, don kawai kada ka ce ban gwada ba. Tokman ya tsaga mini guntaye biyu yana yi yana tsaki, yana cewa rana ta dafa maka ƙwaƙwalwa. Na binne su a gefenmu na laka. Washegari da na leƙa bokitin sai da na ja da baya. Cike yake, suna hawa kan juna, ƙararsu kamar ana soya abu. Abin da nake yin kwanaki ban tara ba. Na ɗauko shi a tsaye kamar yadda ka faɗa, na hau tudu ina dariya ni kaɗai.

Inna ta leƙa. Can ta ce, "Wannan ba kamu ba ne, shara ce." Amma da na soya wasu da ruwan waken soya ba ta bar ko ƙafa ɗaya a kwano ba.

Abu ɗaya ne ban so ba. Bututu ba ya zaɓe. Da hannu, in ka jawo ka ga mace ce ta rungumi ƙwai a ƙarƙashin ciki, ka san me za ka yi, ka sake ta ta koma. Yanzu har da su, har da 'yan ƙanana da ba su kai farce ba. Sai na zauna a kan bokiti ina tsince su ina mayarwa. Zama ne dai, ba durƙuso ba, don haka ban yi ƙorafi ba.

Na ba Yonsim guntu ɗaya. Ka ga fuskarta ranar da ta sayi maganin mijinta ba tare da ta shiga gidan kowa ba. Ta ce in ce maka in ka dawo ita za ta nemo maka mata da kanta, mai haƙora cikakku.

Gwiwa ta yi sauƙi. Na gode, ɗan ƙanena. Ba kullum nake faɗa ba, ka adana wannan.

Malsun

*

Kalmok, Mayu 1992

Manbok,

Ina fatan kana raye. Tun katin sabuwar shekara ba mu ji ɗuriyarka ba, shi ma katin hoton raƙumi ne ya cinye rabinsa. Inna lafiya, sai dai ta fara mantuwa. Jiya ta zuba gishiri a miya sau biyu, ta ce ni ce.

Ka tambaya a katin ko bututu yana aiki. Yana aiki, Manbok. Ba a taɓa yin abin da ya yi aiki a garin nan kamar shi ba. Bana kowane gida yana da nasa. In ka tsaya a kan tudu ka duba, laka ta yi layi-layi kamar littafin ɗan makaranta. Mai motar Mokpo ya canja babbar mota, kullum sai ya zo. Ba mai durƙuso yanzu. Ba mai ɓata lokacinsa wajen tsince masu ƙwai, wa ke da wannan sararin ana awo da buhu? Ranar da iska ta hana sauka, bokitai su cika kansu da kansu, in aka je aka tarar sun mutu sai a juye a gefe a jira wasu. Ka ga ci gaba ke nan. Tokman ya ce tun da aka kafa Kalmok ba a haifi mai kai irinka ba.

Abin da ya dame mu kawai, bututu ya yi mana kaɗan. Akwai sauran wuri can bayan dutsen tsakiya inda ƙaguwa ke yawo yadda ta ga dama ba mai ce mata komai, abin kunya. Da za mu sami mai tausayinmu ya shimfiɗe mana har can, da mun huta gaba ɗaya.

Yaushe ne hutunka? Inna tana ƙirga maka bikin kaka. Ka zo, akwai maganar da ba ta takarda ba.

Yayarka

*

Sansanin aiki, Yuli 1992

Yaya,

Ki yafe mini shirun. An mayar da mu wani sansanin can cikin hamada, wasiƙa sai an tara ake kawowa. Ina lafiya, ban da ƙurajen zafi. Ki gaida Inna, ki riƙa ɗanɗana miyar kafin ta kai hannu.

Ban san ranar da na yi farin ciki irin na ranar da na karanta wasiƙarki ba. Na karanta wa 'yan ɗakinmu inda Tokman ya ce ina da kai, sai da na maimaita. Shekarun nan da na yi ina binne bututu a ƙasar mutane, ban taɓa ganin wanda ya sha ruwan ba. Ashe bututun da ya yi amfani shi ne wanda ban taɓa da hannuna ba.

Kin ce da za ku sami mai tausayi. Kun samu. Na yi magana da wani da muka yi aiki tare, yanzu yana da shagon kayan ruwa a Mokpo. Zai kawo muku mota guda cike, tsagaggu, har da bokitai. Na ce a miƙa wa Tokman a raba wa gari, da sunan marigayi Baba, don a san ɗansa bai manta gida ba. Zai isa har bayan dutsen tsakiya ya yi saura.

Abu ɗaya ne, ki lallaɓa Inna. Hutun bana na sayar wa kamfani, da shi na biya. Ba zan sami bikin kaka ba. Baɗi in muna da rai. Maganar da ba ta takarda ba, in ta aure ce, ki ce wa Yonsim ta ci gaba da dubawa.

Manbok

*

Kalmok, Agusta 1992

Manbok,

Inna tana lafiya. Ni ba na lafiya, kuma kai ne ciwon.

Motarka ta riga wasiƙarka isowa. Ina wanke shinkafa na ji lasifikar gari tana kiran sunan Baba. Na saki kwanon na fita a guje, na ɗauka wani abu ne ya sami kabarinsa. Sai na tarar da mota a bakin ɗakin taro an jibga mata bututu har yana rinjaya, gari ya taru, Tokman ya sa rigarsa ta zuwa biki. Ya kamo hannuna ya kai ni gaba, ya ce ga yayar mai kyauta, a tafa mata. Aka tafa mini, Manbok. Ina tsaye da ruwan shinkafa a hannu.

Kai wane irin mutum ne? Ka tashi a gida ɗaya da ni, ka san bakina. Na rubuta maka ana juye matattun ƙaguwa a gefe, ka karanta ka ji daɗi? Na ce abin kunya ne ƙaguwa tana yawo, ka ɗauka da gaske nake? Ko ɗan da ke goye ya san wannan gatse ne. Nawa bututun tun farkon bazara na tone shi na jingine a bayan kicin, ban gaya maka ba don kada ranka ya ɓaci. Ga sakamakon lallaɓa ka.

Da suka gama tafi na ce a mayar da kayan inda suka fito. Na ce kuskure ne, ƙanena bai fahimci wasiƙata ba. Na ce bayan dutsen tsakiya nan kaɗai ya rage inda masu ƙwai ke kai damina su saki 'ya'yansu a ruwa, in aka rufe can me zai dawo mana baɗi? Na ce su dubi gefen gari, ramukan sun yi nisa da juna, lakar ta fara baƙi tana wari, tunda ba mai haƙa ta iska ta shiga. Tokman ya yi murmushi ya ce kyauta ta Manbok ce ba tawa ba, kuma ƙaguwa tun kakanni ake ci ba ta ƙare ba. Wani daga baya ya ce na ga kowa ya samu ne shi ya sa abin ya daina yi mini daɗi.

Duk wannan bai taɓa ni ba. Yonsim ce. Ba ta ɗaga murya ba, ta matso kusa da ni ta ce, "Malsun, ke kina da ƙane a waje. Ni wa nake da shi? In na cire nawa, ke za ki saya masa maganin?"

Ta ɗauki rabonta ta wuce ta gabana, tun ranar in mun haɗu a hanya kowa sai ya sami abin kallo a ƙasa. Tun muna 'yan mata muke sauka laka tare.

Kafin sati ya zagayo sun shimfiɗe bayan dutsen.

Sannan wasiƙarka ta zo, na ga har da hutunka ka sayar. Maganar da na ce ba ta takarda ba, Inna ce, ba aurenka ba. Mantuwar ba ta gishiri kaɗai ba ce yanzu. Ban gaya mata cewa ba ka zuwa ba. Kai ka rubuto ka gaya mata da kanka.

Malsun

*

Sansanin aiki, Oktoba 1992

Yaya,

Na gaishe ki, na gaida Inna. Na sa mata tata takardar daban a cikin ambulan ɗin nan, ki karanta mata.

Na ɗauko wasiƙarki ta Mayu na sake dubawa. Ga abin da kika rubuta da hannunki: bututu ya yi mana kaɗan. Takarda ba ta da murya, Yaya. Ba ta taɓe baki, ba ta harara. Ke kina can kina ganin laka da idonki, ni abin da nake gani rairayi ne da abin da kika aiko. In kina son in san abu ya lalace, me ya hana ki ce ya lalace? Tun muna yara haka kike, ki faɗi magana a juye, in mutum bai gane ba ki ce ba shi da hankali.

Kuma ban yarda abin ya kai yadda kike faɗa ba. Na tuna lakar nan, in suka fito ƙasa har motsi take. Ƙaguwa ɗaya ƙwanta ba ya ƙirguwa. Bana ta yi ƙasa, baɗi ta dawo. Na tambayi abokin nan nawa yadda ake ciki a garinsu, ya ce shi ma ya daɗe bai je ba.

Kin san me ya fi ci mini rai? Na bar gida na bar ki da Inna da gwiwa, kullum abin yana nan a ƙirjina. Sau ɗaya na ga hanyar da zan yi abin da za a ce Manbok ya yi. Ranar bikin kaka kowa a sansanin nan da ya samu hutu ya tafi, ni na zauna a ɗaki ina ce wa kaina ba komai, ana can ana jin daɗin abin da na aika. Sai ga wasiƙarki.

Ki je ki sami Yonsim. Kada ku ɓata a kaina.

Manbok

*

Kalmok, Afrilu 1993

Manbok,

Gaisuwa. Na daɗe ban rubuta ba, na sani. Na fara sau da yawa ina yagewa. Ka ce in riƙa faɗar magana a miƙe, to ga ta a miƙe, ba gatse ko ɗaya a cikinta.

Inna jikinta lafiya, tana cin abinci. Amma ta fara kiran mai kawo wasiƙa da sunanka. In ya zo sai ta riƙe masa hannu ta ce ya rame, shi kuma mutumin kirki ne, yana amsawa. Takardarka na karanta mata, ta saurara har ƙarshe, ta ce to yaushe zai shigo ya ci abinci.

Da kaka nakji bai zo ba. Mazan da ke haƙarsa da shebur sun yi ta yawo a laka suna dawowa da kwando a bushe. Me zai zo ci? Tsuntsayen nan masu dogon baki lanƙwasasshe, da ke sauka duk shekara suna zura baki a ramuka, sun sauka, sun yi 'yan kwanaki suna tattaki, suka tashi. Bana rana ta yi ɗumi, na sauka kamar kullum. Manbok, laka shiru. Kana iya tafiya mai nisa tsakanin rami da rami. Mai motar Mokpo ya zo sau biyu, ya leƙa buhunan, yanzu an ce yana can wani gari kudu da mu.

Tun da ba mai saye, ba mai sauka duba bututu. Amma bututu bai san an daina ba. Yana nan a binne yana aikinsa, 'yan kaɗan ɗin da suka rage suna faɗawa suna ruɓewa a bokiti. Na je wurin Tokman na ce a yi gayya a tone. Ya ce kowa ya tone nasa. Da na bi gida-gida, kowa ya ce nasa ya riga ya cire, waɗanda suka rage na kyautar Manbok ne. Haka ake kiransu yanzu. Wanda ya tafa da wanda ya yi rabo duk sun manta, sunanka kaɗai ya rage a jiki.

Don haka ni nake tonewa. Laka ta cika su ta danne, guntu ɗaya sai in yini a kansa, a durƙushe, ina haƙa da hannu ina ja da igiya. Kada ka tambaye ni gwiwa.

Mijin Yonsim ya rasu a tsakiyar sanyi. Na je, na yi kwanakin makokin a kicin ɗinta ina dafa wa masu zuwa gaisuwa miya. Ba mu yi zancen ba. Ran da aka watse ta ce mini za ta koma Mokpo wanke-wanke a gidan abinci, tunda laka ba ta da abin ba ta. Kafin ta tafi ta sauko ta kama mini igiya yini guda. Mun ciro uku. Ba wadda ta ce wa wata yi haƙuri.

Ka yi gaskiya a abu ɗaya, da na faɗa maka a miƙe tun farko. Kuma ni na fara binnewa, ba kai ba. Wannan bai rage mini haushinka ba, na dai faɗa ne.

Malsun

*

Sansanin aiki, Yuni 1993

Yaya,

Na karanta. Na kasa cin abinci ranar. Ki gaida Inna.

Ki daina tonon nan da hannu, za ki nakasa kanki. Na yi tunani na samo mafita. Akwai ƙaramar motar haƙa mai tafiya a kan sarƙa, irin wadda muke aiki da ita a nan, ba ta nutsewa sosai. In aka ɗauko haya daga Mokpo, abin da za ki shekara kina yi za ta gama shi cikin 'yan kwanaki. Kamfani yana neman waɗanda za su ƙara shekara ɗaya, da ƙarin albashi. In na sa hannu zan iya biyan motar da direbanta, har a sami na asibitinki. Ni na ɓata, ki bar ni in gyara.

Ban sa hannun ba tukuna. Na ce su jira in ji daga gare ki. Kin ga na koyi wani abu.

Manbok

*

Kalmok, Yuli 1993

Manbok,

Muna lafiya. Damina ta sauka. Inna na zaune kusa da ni tana tsince wake, ta ce wa nake rubuta wa, na ce kai. Ta ce ai yanzu ka fita.

A'a. Ka karanta da kyau, a'a ce ta gaske, ba a juye take ba. Kada ka sa hannu. Kada ka aiko mota. Lakar da mutum ke nutsewa har cinya, ka saka mata ƙarfe mai sarƙa ya bi ta kanta, duk ramin da ya rage sai ya niƙe shi da mai shi a ciki. Ka bar aiko mana abubuwa daga inda ba ka gani.

Yanzu mu huɗu ne a tonon. Matar Tokman ta fara saukowa, ba ta gaya masa ba, shi kuma yana yi kamar bai ga lakar da ke zanenta ba. Sai wasu tsofaffi biyu da suka ce zaman gida ya ishe su. Mun share gefe guda. Abin da muka ciro mun tara shi a bakin ɗakin taro, daidai inda motarka ta tsaya, kowa ya riƙa gani in zai wuce.

Ga labarin da na ajiye maka. Makon jiya na bi wani lungu da ban saba bi ba, ina neman bakin wani bututu. Na gaji na zauna, na daɗe ban motsa ba. Sai na ga idanun nan biyu masu kama da ashana sun leƙo. Sannan wasu a gefensu. Ba su da yawa, wurin bai fi faɗin tsakar gidanmu ba, amma suna nan, suna kiwo, mazan suna ɗaga hannu kamar ba abin da ya faru. Ɗaya ta gifta kusa da ƙafata, cikinta fal da ƙwai. Na zauna ina kallonsu har ruwa ya taɓa mini ƙafa.

Ban gaya wa kowa a gari ba. Kai ma ba zan rubuta maka inda suke ba. Kai mutum ne mai taimako, ina jin tsoronka.

In kana son ganinsu, ka zo. Kwangilarka na ƙarewa kafin bikin kaka, ka shiga jirgi ka taho ba ka riƙe da komai. Akwai igiya a nan, akwai sauran bututu da zai ishe ka har sanyi. Kuma ka yi sauri, tun Inna tana da sunan da za ta kira ka da shi.

Yayarka,
Malsun